Tafiya cikin kwalekwale bisa gulbin Isa

Mutanen Magariya da Dungas sun san korama, sun san tabki. Amma babban gulbin ƙasar Nijar yana can yamma. Shi ne gulbin Isa, wanda ake kira Kwara a Najeriya. Tsawonsa wajen kilomita 4,200 ne. Ya faro daga ƙasar Gine, ya ratsa bakin hamada a Mali, ya biyo ta Yamai, sannan ya faɗa teku a Najeriya.

A shekarar 1946 wasu Faransawa uku, Jean Rouch da Jean Sauvy da Pierre Ponty, suka bi shi tun daga mafarinsa. Sun yi wata da watanni cikin kwalekwale, sai a 1947 suka kai teku. A Ayoru sun sauka wurin sarkawa, Rouch ya ɗauki fim na farautar dorina.

Haɗarin irin wannan tafiya yana inda duwatsu suka tare gulbi, kamar Labezanga, kan iyakar Nijar da Mali. Nan ruwa ke zabura, yana kumfa, yana iya kifar da jirgi. A irin wannan wuri ne, a Busa ta Najeriya, Bature Mungo Park ya halaka a 1806.

Ƴan uwa manoma da makiyaya, ruwa mai gudu ba shi da ƙarami. Idan korama ta kawo da damina, ko saniya tana iya kayarwa. A dakata har ta janye, a tambayi ƴan gari mashigi, kuma kada a tura yara su ƙetare da bisashe su kaɗai.