Tayar da Injin Tsohuwar Fijo a Kakuri

Fijo 504 ɗin da na gada daga Baba 'yar gida ce, a nan Kakuri aka harhaɗa ta, a kamfanin Peugeot da ya fara fitar da motoci a 1975. Da ta fara fesa shuɗin hayaƙi ta salansa tana shanye baƙin mai, abokai suka ce in ɗora mata injin Beljiyam in huta. Na ƙi, domin wannan inji an ƙera shi ne yadda mai shi zai iya kwance shi ya mayar.

Silindarsa huɗu, kuma kowane fistan yana gudu ne cikin bututun ƙarfe da kanikawa ke kira silib. In ya cinye, zare shi ake yi a sa sabo tare da fistan da zobbansa, ba sai an kai gangar injin an rarake ta ba. Karanshaf kaɗai na kai wa masu injin gogewa, suka faɗa mini lambar metal ɗin da zai dace da shi.

Wani dattijo a Makera, tsohon ma'aikacin kamfanin, shi ya tsaya a kaina wajen zaunar da silib. Dole bakin kowanne ya ɗara gangar da ɗan abin da bai wuce kaurin gashin kai ba, kuma su huɗun su yi daidai. Ya sa na auna, ya sa na sake. In ɗaya ya nutse, gasket zai ƙone, ruwan lagireto ya gauraye da baƙin mai, aiki ya koma baya. Ya kuma hana ni juya karanshaf alhali kan injin na buɗe, sai an danne silib ɗin tukuna, don fistan na iya ɗago shi. Yana ba ni takaici ganin masu irin wannan sani suna ƙarewa, yara kuwa canjin inji kawai suke koya.

Kusoshin kan injin daga tsakiya ake fara ɗaure su zuwa gefe, da sifana mai awo, ba da ƙarfin damtse ba. Da motar ta tashi, a hankali na riƙa lallaɓa ta tsakanin Barnawa da Sabon Tasha, sannan na zubar da man farko, na sake bin kusoshin da awo.