Me Ya Sa Wasan PS2 Ke Rarrafe a Wayoyin Matamaye?

Tun watan Janairun 2023 mutumin da ya rubuta AetherSX2 (manhajar kwaikwayon PS2 a waya), wanda aka sani da laƙabin Tahlreth, ya ajiye aikin, ya ce ya gaji da zagi da barazanar kisa da masu sojan gona da sunansa. Amma har gobe, in ka zauna a fadar samari a Matamaye bayan la'asar, za ka tarar ana tura wannan manhaja daga salula zuwa salula ta Xender, ana kuma tsine mata don God of War na tafiya kamar jakin da aka yi wa lodin rake ya fi ƙarfinsa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne bayanin da nake ji ana maimaitawa, wai lauyoyin Nintendo ne suka kashe harkar. Wannan bayani ya fi dacewa da ɗan Amurka. Tamu matsalar tana cikin aljihunmu: wayar da muke riƙewa daban, wadda 'yan sa-kai ke gwada aikinsu a kanta daban.

A duba PPSSPP, manhajar kwaikwayon PSP, wadda Henrik Rydgård ɗan ƙasar Suwidin ya fitar a 2012. Ita kam ko a ƙaramar itel tana tashi, shi ya sa wasan ƙwallo na PES da aka yi wa kwaskwarima ya zama abin hirar fada. Dalili a fili yake. PSP, da ta fito a 2004, ƙaramar na'ura ce mai gudun da bai wuce 333 MHz ba, kuma an shafe fiye da shekara goma ana goge manhajar da ke kwaikwayonta. PS2 kuwa wani dutse ne. Cikinta akwai injuna da yawa masu aiki tare a lokaci guda, kuma dole waya ta riƙa fassara umarninsu zuwa harshen ARM nan take, ba tare da ta makara ko da ƙiftawar ido ba. PCSX2, wadda aka gina AetherSX2 a kanta, tun 2002 ta fito, kuma don kwamfuta aka yi ta tun farko.

Sai dai nauyin lissafi ba shi ne babban ciwon ba. Babban ciwon shi ne direban hoto, wato 'yar manhajar da ke tsakanin wasa da injin zane na waya. Wayoyin da ke shigo mana daga Kano ta Daura, ko daga Kasuwar Dole ta Damagaram, akasarinsu Tecno ne da Infinix da itel, dukansu na kamfanin Transsion. Yawancinsu furosesar MediaTek ko Unisoc ke cikinsu, injin zanensu kuma Mali ne ko PowerVR. Direban waɗannan a rufe yake, da shi wayar ke zuwa daga masana'anta, kuma sau da yawa da kurakuransa za ta mutu. Tun 2013 masu aikin Dolphin, wata manhajar kwaikwayon wasanni, suka rubuta dogon ƙorafi kan lalacewar direbobin waya. Daga baya aka samar da buɗaɗɗen direba mai suna Turnip, amma na injin Adreno ne kaɗai, wanda ke cikin wayoyin Snapdragon. Mai Snapdragon zai iya canja direba ya huta. Mai Helio G35 sai haƙuri.

Yanzu a ɗora wannan a kan halin ɗan sa-kai. Mutum ne mai aikin yini, yana taɓa manhajar da dare, wayarsa ɗaya ko biyu. In ciyawar fili ta koma baƙa a wata Infinix da bai taɓa gani ba, ta yaya zai gyara abin da ba ya iya gani da idonsa? Kamfani zai sayi waya ɗari ya jera a ɗakin gwaji, shi kuwa ba shi da wannan kuɗi. Ga kuma ƙananan wayoyin Android Go da yawa da ke tafiya a tsarin 32-bit, waɗanda Dolphin ba ta ma shiga cikinsu. Ga Google da ke sauya doka kusan kowace shekara. Daga Android 11 aka tsaurara shiga ma'ajiyar waya, sai lokacin da ya kamata a kashe wajen ƙara gudun wasa ya tafi a neman hanyar buɗe fayil.

Akwai wani abu kuma da mai zaune a Turai ba zai hango ba: zafi. A watan Afrilu da Mayu, in rana ta haura digiri 40, waya na rage gudun kanta don kada ta ƙone. Na ga yaro ya cire rigar wayarsa, ya jingina bayanta da jikin randa, ya rage ƙyallin hoto zuwa 1x, ya kunna tsallake hoto, duk don a ƙarasa wasan ƙwallo ɗaya. Minti goman farko lafiya lau, daga nan muryar mai sharhi ta fara kakkatsewa. In kuma wuta ta dawo aka jona caji ana wasa, zafin ya ninka.

Mu ma da namu laifin. Fayilolin da ke yawo a nan an matse su, an yanke musu sauti da bidiyo don kada su cinye megar mutum, in suka tsaya cak sai a ɗora wa manhaja laifi. PPSSPP na da wurin aika rahoton matsala kai tsaye, amma wa ke barin data a kunne yana wasa? Inda ake tattauna gyara kuma, a GitHub, Ingilishi ake yi, yaranmu kuwa Faransanci suka koya a lakwal. Sakamakon haka wayoyinmu ba sa cikin lissafin masu gyara. Muryar da ke isa gare su daga masu ƙananan wayoyi sau tari ta zagi ce. Sannan ga 'yan ci-da-gumin-wani: masu PCSX2 sun zargi wata manhajar PS2 mai suna DamonPS2 da kwashe aikinsu ta rufe shi tana sayarwa, ga kuma masu canja wa manhaja suna su cika ta da talla. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

Ban ce masu zargin Nintendo ba su da hujja ba. Skyline, mai kwaikwayon Switch ta Nintendo, ta tsaya a Mayun 2023. A Maris 2024 masu Yuzu, ita ma mai kwaikwayon Switch, suka amince su biya Nintendo dalar Amurka miliyan 2.4, Citra ta tafi tare da ita, Ryujinx ta bi su a Oktoba. Irin wannan na tsorata gwanaye, kuma gaskiya ce cewa wasannin da muke bugawa ba sayensu muka yi ba. Amma Switch dama ba ta taɓa zama abin da itel za ta ɗauka ba. PPSSPP kuwa tana nan daram, har ta shiga kantin Apple a Mayun 2024. Ba kotu ce ta kori Tahlreth ba, masu amfani da aikinsa ne.

Illar duk wannan a bayyane take. Muna maƙale da tsofaffin manhajoji da ba mai gyara su, muna sauke na jabu masu leƙen asirin waya. Saurayi ya tara jika-jika daga aikin lambu ko kabu-kabu, ya je ya sayi waya don ya ga an rubuta RAM 8+8 a kwali, bai tambayi wace furosesa ce a ciki ba, ya dawo wasan na nan yana rarrafe. Mafi ciwo, yaran da suka gwanance wajen warware fayil da daidaita saiti nan iliminsu ke tsayawa, alhali taki ɗaya ya rage su fara ba da gudummawa.

Ba sai mun iya rubuta manhaja ba kafin mu yi amfani. Ɗalibin Jami'ar André Salifou ta Damagaram, ko mai gyaran waya a bakin tasha, zai iya rubuta sunan waya, da furosesarta, da wasan, da inda ya lalace, ya haɗa da hoto ya aika. Wani zai iya fassara saitin PPSSPP zuwa Hausa, tunda 'yan sa-kai ne ke fassara ta zuwa sauran harsuna. Kai kuma mai shirin sayen waya don wasa, ka bar duba kyamara, ka tambayi furosesa. In manhajar kyauta ta ba ka haushi, ka tuna wanda ya rubuta ta bai karɓi ko dala ɗaya a hannunka ba. Ka aika masa rahoto, ka riƙe zaginka.