Shuhada Sadaƙat: imanin da bai shafe tabon yarinta ba

Da labari ya bazu a watan Oktoban 2018 cewa shahararriyar mawaƙiyar ƙasar Ayilan, Sinéad O'Connor, ta musulunta, an yi ta kabbara a shafukan sada zumunta. Kaɗan ne suka tsaya tambayar irin wuyar da ta sha kafin ta kai ga kalmar shahada.

An haife ta a Dublin a 1966. Tana 'yar shekara takwas iyayenta suka rabu. A littafin tarihin rayuwarta na 2021 ta bayyana yadda uwar da ta haife ta ke lakaɗa mata duka har da shuri a ciki. Yarinya ta koma gudun makaranta da ɗauke-ɗauke a kantuna, aka kai ta gidan gyaran hali na matan coci tana da shekara 15, ta yi wata 18 a can. Uwar ta mutu a haɗarin mota a 1985, amma ciwon bai bi ta kabari ba. Hoton Paparoma John Paul na Biyu da Sinéad ta yayyaga a talabijin ɗin Amurka a 1992, don nuna fushinta kan cin zarafin yara a cocin Katolika, daga ɗakin uwar ta ɗauko shi.

Aure huɗu ta yi, babu wanda ya ɗore. Na ƙarshen, a 2011, ko wata guda bai cika ba ta sanar da rabuwarsu.

Duk da rigimarta da coci, ba ta taɓa fasa neman Ubangiji ba. A 1999 har naɗa ta limamiya aka yi a wani ɓangaren coci da Fadar Paparoma ba ta yarda da shi ba. Bayan ta karɓi shahada a hannun Sheikh Umar Al-Qadri, ta ɗauki suna Shuhada (daga baya Shuhada Sadaƙat), ta riƙa hawa dandamali da hijabi.

Masu cewa ciwon damuwa raunin imani ne su dubi wannan baiwar Allah da kyau. Ta samu natsuwa a Musulunci, da bakinta ta faɗa, amma larurar ƙwaƙwalwa da ta kai ta asibiti sau da dama ba ta sake ta ba, kuma jarrabawa ba ta ƙare ba. A Janairun 2022 ɗanta Shane, ɗan shekara 17, ya kashe kansa. Ita kuma ta rasu a Landan ranar 26 ga Yulin 2023 tana da shekara 56, Sheikh Al-Qadri ya yi mata sallah a Ayilan.