Kora da hali a shagunan Rood Woko: abin da yaron shago ya kamata ya sani kafin ya ajiye makulli

 Maganar da muka tattauna a wannan mako ta shafi wani abu da Bahaushe ya daɗe da raɗa wa suna, wato kora da hali. Maigida ba zai ce maka "na kore ka" ba. Zai dai ɗaure fuska, ya riƙa jinkirta albashi, ya ɗauke ka daga kan kanta ya mayar da kai dako a sito, ya riƙa yi maka faɗa a gaban masu saye, har sai zuciya ta ɗebe ka ka ajiye makulli da kanka. To ɗan'uwa, ko 'yar'uwa, kafin ka yi hakan karanta wannan bayani, domin a dokar Burkina Faso tsakanin "na tafi" da "an sallame ni" akwai kuɗi masu kauri.

Mun ɗauki Rood Woko, babbar kasuwar Wagadugu, a matsayin misali saboda mutanenmu sun daɗe a cikinta da kewayenta. Tsohuwar unguwar Zango, wadda ake rubutawa Zangouettin, tana daf da ita kafin aikin ZACA ya tashe ta. Kasuwar kanta ta ƙone a ranar 27 ga Mayu 2003, ba a sake buɗe ta ba sai a 2009. Duk da wannan, har yau za ka tarar da 'ya'yan Zango da baƙi daga Yamai, Maraɗi, Ƙonni da Kano suna tsaron shagunan atamfa, takalma, kayan waya da turare, mafi yawansu ba tare da wata takarda tsakaninsu da iyayen gidansu ba.

Shin yaron shago ma'aikaci ne a idon doka?

Nan ne da yawa suke yin kuskure. Sai ka ji mutum ya ce, "ni ai ba ni da kwantiragi, amana ce kawai tsakanina da Alhaji." Dokar ƙwadago ta Burkina Faso, mai lamba 028-2008 ta ranar 13 ga Mayu 2008, ta amince da yarjejeniyar aiki ko a rubuce take ko da baki aka ƙulla ta. Abin da take dubawa uku ne: kana yi wa wani aiki, yana biyan ka, kuma shi ke ba ka umarni, ya ce ga lokacin buɗewa, ga lokacin rufewa, ga farashi. In waɗannan sun haɗu, kai ma'aikaci ne. Dokar ba ta ware ɗan ƙasa daga baƙo a wannan ma'ana ba, saboda haka ɗan Nijar ko ɗan Najeriya da ke tsaron shago a Rood Woko yana cikin inuwarta.

Amma fa a lura. Wanda aka ba jari ko kaya ya je ya juya da kansa a raba riba, ba mai tsara masa lokaci, wannan abokin ciniki ne, shari'arsa daban. Bayaninmu na mai albashi ne.

Tun daga 2023 mafi ƙarancin albashi a ƙasar sefa 45,000 ne a wata, bayan ya shafe shekaru a kan 30,684. Ma'aikaci yana tara hutun kwana biyu da rabi a kowane watan aiki, wato kwana 30 a shekara, kuma ana biyan sa albashinsa a lokacin hutun. Wajibi ne maigida ya yi masa rajista a asusun CNSS, inda ake cire kashi 5.5 cikin ɗari daga albashin ma'aikaci, shi kuma maigida ya zuba kashi 16. Mun san a kasuwa ba kowa ke bin wannan ba. Rashin bin doka dai bai soke haƙƙin ba, bashi ne yake taruwa a wuyan mai shago.

Me ya sa ake son ka tafi da ƙafarka?

Amsar tana cikin lissafi. Idan maigida ne ya sallame ka ba tare da ka aikata babban laifi ba, doka ta ɗora masa abubuwa. Na farko, ya ba ka sanarwa a rubuce, ya faɗi dalili. Na biyu, ya ba ka wa'adi: kwana 8 ga wanda ake biya a kan awa ko a kullum, wata 1 ga ma'aikaci mai albashin wata irin mai tsaron shago, wata 3 ga manyan ma'aikata. A cikin wa'adin kana da kwana biyu kowane mako na fita neman wani aiki, ba a taɓa albashinka. In ya ce ka tafi yau yau, sai ya biya kuɗin wa'adin. Na uku, idan ka cika shekara guda a wurin, akwai kuɗin sallama, wanda yarjejeniyar gama-gari ta ma'aikata da masu ɗaukar aiki ta 1974 ta tsara: kashi 25 cikin ɗari na matsakaicin albashin wata a kan kowace shekara cikin biyar na farko, kashi 30 daga shekara ta shida zuwa ta goma, kashi 40 a kan abin da ya haura goma.

Mu buga misali. A ce kana karɓar sefa 60,000 a wata, ka yi shekara 7 a shago. Shekara biyar na farko, 15,000 sau biyar, 75,000 ke nan. Shekara biyun da suka biyo baya, 18,000 sau biyu, 36,000. An samu 111,000. Ƙara kuɗin wa'adi na wata guda, 60,000, ya zama 171,000, ban da kuɗin hutun da ba ka ci ba da ragowar albashi. In kuma kotu ta gano korar ba ta da hujja, tana iya ƙara diyya, wadda dokar 2008 ta ƙayyade ba za ta wuce albashin wata 18 ba.

Yanzu juya shafin. Idan kai ne ka rubuta cewa ka ajiye aiki, babu kuɗin sallama, babu diyya. Abin da za ka karɓa shi ne kwanakin da ka yi aiki da kuɗin hutunka. Ƙari a kan haka, kai ma doka ta ɗora maka ba da wa'adin, in ka fice ba sanarwa maigida na iya neman ka biya shi. Ka ga dalilin da ya sa kora da hali ta fi wa wasu masu shago arha.

Dabarun da aka saba, da matsayin kowace

Rage albashi ko sauya maka aiki zuwa na ƙasa. Albashi da matsayi ginshiƙan yarjejeniya ne, maigida ba ya sauya su shi kaɗai. Doka ta ce ya kawo maka shawarar a rubuce. In ka ƙi amincewa aka rabu a kan haka, ana lissafa rabuwar a kansa, tamkar shi ya sallame ka.

Tara. "Ka makara, an cire maka jaka biyu." Doka ta hana maigida cin ma'aikaci tara daga albashinsa.

Zargin gibi a kaya ko a kuɗin ciniki. Wannan ita ce mafi zafi, don tana taɓa mutunci, kuma sata babban laifi ne da ke zubar da wa'adi da kuɗin sallama gaba ɗaya. Sai dai faɗa da baki bai isa ba. In magana ta je gaban hukuma, maigida ne zai kawo hujjar dalilin korar, alƙali kuma shi ke auna girman laifin. Ka nemi a yi ƙidayar kaya a gabanka da shaidu. Kada tsoron "zan kira 'yan sanda" ya sa ka sa hannu a takardar amsa laifin da ba ka yi ba.

"Je ka huta, zan neme ka." Ka yi hattara da wannan kalma mai daɗin ji. Ka zauna gida mako biyu, sai ka ji an ce ka gudu daga aiki, wanda shi ma ana iya ɗaukar sa babban laifi. In an ce ka huta, ka nemi a rubuta. In an ƙi, washegari ka zo bakin shago a kan lokaci, maƙwabta su gan ka, ka kuma tura wa maigida saƙon waya cikin ladabi: "Alhaji, na zo aiki yau an ce in koma, ina jiran umarninka."

Ga 'yan'uwa mata masu tsaron shagunan kayan kwalliya da manyan kantuna, ciki ba hujjar kora ba ne. Kina da hutun haihuwa na mako 14, kuma ba a sallamar mace tana cikin wannan hutu. Dokar ta kuma haramta wa maigida ko wani babba a wurin aiki ya matsa miki da neman lalata.

To me za ka yi?

Abu na farko, riƙe zuciyarka. Fushi ba ya haifar da ɗa mai ido. Ci gaba da zuwa a kan lokaci, kada ka rama zagi, kada ka ba da ƙofar da za a kama ka da ita.

Na biyu, tara shaida tun kana ciki. Saƙonnin Orange Money ko Moov Money da ake turo maka albashi, hirarku ta WhatsApp, littafin ciniki mai rubutun hannunka, rasiɗan da ka sa wa hannu, da maƙwabtan shago da suka san shekarar da ka fara. Ka sami ɗan littafi ka riƙa rubuta rana da abin da ya faru.

Na uku, kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a takardar da ba ka fahimta ba. Yawancin takardun nan da Faransanci ake rubuta su, da yawanmu kuma allo muka yi. Ka ce, "a ba ni in kai a karanta mini." Ba rashin kunya ba ne. In ma an riga an sa ka sa hannu a takardar da ke cewa ka karɓi komai ba ka bin kowa bashi, doka ba ta ɗauke ta a matsayin yafe haƙƙinka ba. Takardar ajiye aiki ta fi wuyar warwarewa, sai ka nuna tilasta maka aka yi, shi ya sa rigakafi ya fi magani.

Na huɗu, nemi sulhu irin namu. Sarkin Zango, limamin unguwa, shugabannin layinku a kasuwa, duk suna kashe irin wannan wuta, kuma sau da yawa sun fi kotu sauri. Sai dai ka je da lissafinka a hannu. Wanda ya san yana bin 171,000 ba a rufe masa baki da 30,000 da "Allah ya sa albarka". Idan an yi maka alƙawarin sallama irin ta gargajiya, wato jari ko shago bayan shekaru, ka ambace shi a gaban dattawa, a rubuta abin da aka amince.

Na biyar, in sulhun gida ya ci tura, sai ofishin sufeton ƙwadago, wanda ake kira Inspection du travail. Sufeto zai kira ku ku biyu ya gwada sasantawa. In an daidaita, a rubuta a sa hannu. In ba a daidaita ba, ya ba da takardar rashin sulhu, da ita ake zuwa kotun ƙwadago ta Wagadugu. Ba a tsallake wannan mataki, kuma shigar da ƙara a kotun ƙwadago kyauta ne. Ƙungiyoyin ƙwadago irin su CGT-B, da ake samu a Bourse du travail, suna taimaka wa ma'aikata da shawara. Kada ka yi nawa, don haƙƙin neman bashin albashi yana faɗuwa bayan shekara 2.

Ko ta yaya aka rabu, karɓi takardar shaidar aiki mai nuna ranar da ka fara, ranar da ka bari da irin aikin da ka yi. Wajibi ce a kan maigida, kuma ita za ka nuna a gaba.

Ga masu sauraronmu na ƙetaren iyaka

Kowace ƙasa da nata awo. A Nijar dokar ƙwadago ta 2012 ce ke aiki, tsarinta ya yi kama da na Burkina, can ma akwai sufeton ƙwadago da ke sasanta irin wannan rigima. A Gana, dokar 2003 mai lamba 651 ta faɗa ƙarara cewa ma'aikacin da ya bar aiki saboda musgunawar maigida ana ɗaukar sa a matsayin wanda aka kora ba bisa ƙa'ida ba, ana kuma kai kuka hukumar ƙwadago ta ƙasa. A Najeriya wa'adin ya danganta da daɗewa: kwana 1 ga wanda bai wuce wata uku ba, mako 1 har zuwa shekara biyu, mako 2 har zuwa shekara biyar, wata 1 daga shekara biyar zuwa sama. Dokar inda shagon yake ita ke hukunci, ko da kai da maigidan 'yan gari ɗaya ne a can gida.

Ku kuma iyayen gida masu shaguna, wannan bayani naku ne ku ma. Kasuwa na iya ja baya har riƙe yaro ya gagara, wannan ba abin kunya ba ne. Ka kira shi ku zauna, ka faɗa masa gaskiya, ka ba shi wa'adinsa da haƙƙinsa, in kuɗin ba su cika ba ku rubuta yadda za a biya kaɗan-kaɗan a gaban shaidu. Ya fi maka sauƙi a kan sammacin sufeto, kuma yaron da aka sallama da mutunci gobe shi ne zai turo maka masu saye.

Idan kunne ya ji, jiki ya tsira. Mai tambaya a kan nasa lamarin ya aiko mana ta hanyoyin da aka saba, za mu duba ta a shiri na gaba. Allah ya ba da kasuwa mai albarka.