Ba Kowane Ciwon Ƙirji Ne Olsa Ba

A bakin kyamis da majalisar unguwa, ciwon ƙirji suna ɗaya gare shi: olsa. Mutum ya dafe ƙirji, kafin ya gama bayani an miƙo masa kwalbar farin magani, an ce ya bar yaji da tsami. Wani lokacin a dace, domin ƙwannafi yana ƙona tsakiyar ƙirji, musamman in an ci an kwanta. Sai dai zuciya da huhu da haƙarƙari duk a nan suke zaune. Ciwon da ke ƙaruwa in an danna wurin da yatsa galibi na tsoka ne ko guringuntsi. Mai suka in an ja numfashi, ga tari ga zazzaɓi, huhu ake tuhuma. Kuma don ciwo ya lafa bayan an kurɓi maganin olsa, wannan bai wanke zuciya ba.

Masu cewa fargaba ba ta sa ciwon ƙirji, raki ne kawai ko iska, ba su yi wa marar lafiya adalci ba. Idan firgici ya taso, jiki yakan kwararo sinadarin adirenalin, zuciya ta shiga dukan uku-uku, numfashi ya yi sama-sama, yatsu da leɓɓa su sage, zufa ta keto, mutum ya sakankance ajali ne ya zo. Yawanci abin yakan kai maƙura cikin minti 10, ya lafa kafin rabin awa. Ciwon na gaske ne, kuma yana da magani.

Kuskuren da ya fi wannan haɗari shi ne kishiyarsa: "Ai damuwa ce ta yi maka yawa, kwanta ka huta." Alamun firgici da na toshewar jijiyar zuciya suna kama da juna ƙwarai, har likita ba ya yanke hukunci sai ya ɗauki awon bugun zuciya na ECG, ya kuma auna sinadarin troponin a jini. In ƙirji ya yi nauyi kamar an aza buhu, ciwon ya miƙa zuwa hannu, muƙamuƙi ko gadon baya, ga zufa mai sanyi, ko ya taso ana cikin tafiya ko hawa bene, asibiti za a nufa nan take. Mata da masu ciwon suga kuwa, wani lokacin haki da kasala da tashin zuciya kaɗai suke ji.

Sai maganar da ba a son yi a ƙasar Hausa: barasa. Haramcinta sananne ne, amma akwai masu sha a ɓoye, akwai kuma masu shan wasu jiƙe-jiƙen kwalba masu ɗaci da sunan maganin basir, ba su duba takardar jikin kwalbar ba balle su ga akwai barasa a ciki. Ana cewa ɗan kurɓi yana kwantar da hankali. Na ɗan lokaci ne. Barasar tana sakin jiki, fargabar ta dawo fiye da da. A 1978 likita Philip Ettinger na Amurka da abokan aikinsa suka bayyana yadda bugun zuciya ke rikicewa bayan an yi tatil, ko ga wanda ba a san shi da ciwon zuciya ba. Batun jan giya na gyara zuciya kuma, a farkon 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin barasa da ba ya cutarwa.

Cewa kowane magani ya haɗu da barasa ya zama guba, an ƙara gishiri. Amoxicillin, alal misali, ba ya daina aiki. Amma Flagyl dabam ne: ana gargaɗin a kauce wa barasa har awa 48 bayan ƙwayar ƙarshe, saboda amai da jiri da bugun zuciya. Ibuprofen da diclofenac suna cin bangon ciki, barasa ta ƙara, har a kai ga aman jini ko baƙin bayan gida. Farasitamol kuwa hanta yake wahalarwa ga mai yawan sha. Mafi muni su ne diazepam, taramol da kodin, wanda Najeriya ta hana haɗa maganin tari da shi a 2018. Su da barasa wuri ɗaya suke dannewa a ƙwaƙwalwa, wurin da ke tafiyar da numfashi. Mutum ya ɓingire yana minshari, abokai su ce barci yake, alhali numfashinsa ke yankewa.

Wasu suna ganin dabara ce su tsallake ƙwayar maganin damuwa ranar da za su sha barasa. Magunguna irin su fluoxetine da amitriptyline ba sa fita daga jini a yini guda, kuma shan su jefi-jefi yana iya dawo da cutar.

Shi ma wanda ya daɗe yana sha kullum, ya tuba ya yanke rana ɗaya, yana buƙatar likita. Cikin awa 6 zuwa 24 hannu kan fara karkarwa, zuciya ta yi gudu. Wasu su yi farfaɗiya, wasu su fita hayyacinsu a rana ta biyu ko ta uku. A asibiti, sau da yawa da diazepam ɗin nan ake sauko da shi a hankali, gwargwadon abin da ya faɗa wa likita yana sha.