Abin da ke cikin agwagwa, daga kududdufi yake

Idan damina ta kankama a Kudancin Kaduna, tun daga Afrilu har Oktoba, agwagwa ba ta jiran a ba ta abinci. Da sassafe take ficewa daga gida, ta bi kwata, ta leƙa bola, ta gangara kududdufi. Tsaya ka ga yadda take ci. Takan cusa baki cikin taɓo ta karkaɗa shi da sauri, ruwa na tsiyaya ta gefen bakin tsakanin wasu ƙananan haƙora kamar na mataji, abin da ya maƙale ta haɗiye: tsutsa, tsaba, gansakuka, da miliyoyin bakteriya waɗanda ido ba ya gani.

Agwagwar da aka saba gani a Kafanchan, Kagoro, Zonkwa da Kwoi, mai jan tsiro a fuska, asalinta daga Kudancin Amurka da tsakiyarta ne. Juriyarta ta sa ake ce mata ba ta ciwo. Gaskiyar magana, sau da yawa tana ɗauke da ƙwayar cutar ne ba tare da ta nuna alama ba.

Kusa da ƙarshen hanjinta akwai wasu jakunkuna biyu masu rufaffen ƙarshe, kuma nan ne bakteriya suka fi yin dandazo. Mafi yawansu ma'aikata ne. Su ke narkar da dusa da ganyen da tsuntsuwar ba za ta iya narkarwa da kanta ba, su mayar da su sinadaran da ke ciyar da bangon hanji, sannan su cika wurin har mugun baƙo ya rasa masauki. Wannan na ƙarshe ba zato ba ne. A 1973 masana biyu a ƙasar Finland, Nurmi da Rantala, sun ɗura wa 'yan tsakin kaji abin da ke cikin hanjin manyan kaji masu lafiya, sai ga shi Salmonella ta kasa kama su yadda ta saba. Uwar agwagwa da ta kwanta kan ƙwai kwana 35, ta fito da 'ya'yanta suna tsattsaga inda ta yi kashi, wannan aikin take yi, kyauta. Tsakon da aka ƙyanƙyashe a inji ba ya samun wannan gado.

Sai dai ƙofar da alheri ke shigowa, ta nan sharri ke bi. Binciken da aka yi ta yi a Sin, ƙasar da ta fi kowace kiwon agwagi, ya nuna bakteriyar hanjin agwagin da ke shiga ruwa ta bambanta da ta waɗanda aka killace a keji, kuma akwai iri da yawa da ake samu a hanjin, a ruwan, da ƙasar wurin baki ɗaya. Agwagwa na sha daga ruwan da take kashi a ciki. Idan kududdufin ya karɓi kwatar gidaje, da kashin kaji da awaki, da wankin ɗakin aladu inda ake kiwonsu, duk za su ratsa cikinta su dawo. Salmonella, Campylobacter da wasu nau'o'in E. coli, masu sa mutum gudawa da zazzaɓi, haka suke zagayawa. Wani lokaci ita ma abin kan ci ta: in ruwa ya tsaya da mushe a ciki, dafin bakteriyar Clostridium botulinum kan sa wuyanta ya saki, ta kasa ɗaga kai. Ruwa ba ya tsami banza.

A nan ne kafso, maganin kashe bakteriya, ke shigowa. Da mai kiwo ya ga tsuntsu ya yi sanyi, sai ya aika yaro kemis a sayo ja-da-yalo, a fasa a ruwan sha, a ba garke duka, ba awo ba ƙa'idar kwanaki. Wasu ma kan zuba ko ba ciwo, wai don rigakafi. Maganin ba ya tantance ma'aikaci da ɓarawo; marasa juriya yake sharewa, har da masu amfanin, ya bar masu taurin kai su yi ta haihuwa. Wani kaso nasa kuma yakan fita a kashi da ƙarfinsa, ya shiga ruwa. Bakteriya na iya miƙa wa juna ƙwayar gadon jure magani ko da ba jinsinsu ɗaya ba. A 2015 aka gano irin wannan ƙwayar gado, mcr-1, a dabbobin kiwo a Sin, mai karya colistin, maganin da likitoci ke ajiyewa sai an rasa yadda za a yi. Ƙididdigar da mujallar Lancet ta buga a 2022 ta ce bijirewar bakteriya ga magani ta kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a 2019, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi jin jiki. Tarayyar Turai ta hana amfani da irin waɗannan magunguna don ƙibar dabba tun 2006.

A shekarar ce kuma murar tsuntsaye ta H5N1 ta ɓulla a wata gona a Jaji, nan Jihar Kaduna, karo na farko a kajin kiwo a Afirka. Tun daga lokacin, in an ambaci agwagwa a taron lafiyar dabbobi, murar ake nufi. A ganina kwata da kududdufi sun cancanci irin wannan kulawa. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, wadda ke aiki tun 1924, ba ta da nisa da Kafanchan, ga kuma tsangayar aikin gona ta Jami'ar Jihar Kaduna a cikin garin. Ɗaukar samfuri daga kashin agwagwa, da kududdufi, da rijiyar unguwa ɗaya, aiki ne da ɗalibin shekarar ƙarshe zai iya yi.

Kafin nan, abin da ke hannun mai kiwo ba ya cin kuɗi. A ba agwagi ruwansu a daro mai zurfin da za su nutsar da kai, a canza shi kullum, a zubar nesa da rijiya. Kashin kuwa taki ne mai kyau ga gonar citta da masara, amma kada a kai shi ɗanye lambun latas da tumatir. A tara shi da ciyawa, a riƙa juyawa har ya yi zafi ya ruɓe. Zafin da ya haura digiri 55 na kwanaki yana kashe Salmonella.