Mutumin da Ya Gaji da Dakon Mitoci

A farkon shekarun 1920, injiniyan da aka tura gyaran layin tarho a Ingila sai ya fita da kaya niƙi-niƙi. Akwai akwatin auna ƙarfin wuta, akwai na auna yawan wutar da ke gudana a cikin waya, ga kuma na uku da ke nuna yadda wayar ke tauye wutar. Kowanne da nauyinsa, kowanne kuma da allurar da ba ta son jijjiga. Donald Macadie, injiniya a Hukumar Gidan Waya ta Birtaniya, yana cikin masu wannan dako, kuma abin ya ishe shi.

Kafin zamaninsa an riga an yi nisa. Jacques-Arsène d'Arsonval na Faransa ya nuna cewa idan aka naɗa siririyar waya aka rataye ta a tsakanin maganaɗisu, wuta na ratsa ta za ta juya, kuma gwargwadon wutar gwargwadon juyin. A 1888 Edward Weston, haifaffen Ingila da ya zauna a Amurka, ya mayar da wannan dabara na'ura mai ƙwari da ma'aikaci zai iya ɗauka ya tafi bakin aiki. Macadie ya lura cewa allura ɗaya ta isa. Sai ya jera mata hanyoyi daban-daban a cikin akwati guda, ya sa maɓallin sauya su, ya ƙara ƙaramin batir a ciki. A 1923 na'urar ta shiga kasuwa da suna Avometer, kuma ta farkon wutar batir kawai take aunawa, sai daga baya aka koya mata wutar gida.

A daidai lokacin rediyo ya shiga gidaje, mafi yawansa da batir. Sai aka cika kasuwa da 'yan mitoci masu siffar agogon aljihu, masu araha, don mai rediyo ya san ko batirinsa ya kusa mutuwa. Jikinsu na ƙarfe ne, kuma sau da yawa an haɗa shi da ɗaya daga cikin wayoyin, shi ya sa suka sha jan masu su. Babban aibinsu shi ne zarin wuta: ka ɗora su a cikin rediyo, su zuƙe abin da aka ce su auna, su faɗa maka ƙarya. Amma a kan batir wannan zarin alheri ne, domin batirin da ya gaji yakan nuna cikakken ƙarfi idan babu abin da ke jan sa, sai an ɗora masa nauyi asirinsa ke tonuwa.

A ganina nan ne darajar gidan Avo, masu ƙera Avometer, take, domin sun dage wajen yin mitar da ke shan wuta kaɗan. Samfurin Model 8 da ya fito a 1951 yana da madubi a ƙarƙashin allura don kada ido ya karkace wajen karatu, da maɓallin da ke tsalle ya yanke wuta idan an yi kuskuren haɗi. An ci gaba da ƙera shi har 2008, shekara 57, duk da mitoci masu nuna lamba sun daɗe da mamaye teburan masu gyara.